Gungumen Ƙarƙashin Gada

Gidanmu a Kafanchan yana bayan layin dogo. A shekarun saba'in, in jirgin kaya ya wuce da yamma, tukwanen Kaka sukan yi ta kaɗawa har ya yi nisa. Ita ko kai ba ta ɗagawa, tana gefen murhu tana kankare citta. In an gama addu'a sai ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Ku matso, jikoki, wuta ba ya jira."

Cikin labaran da take ba mu, wanda na fi riƙewa na wani ƙauye ne a bayan Kwoi, mai gadar igiya a kan rafi. Mata masu ɗauke da citta sukan haye ta suna waƙa, ƙafafunsu na sauka tare. Kowane taku sai ya ƙara wa na bayansa ƙarfi, gada ta yi ta lilo, har wata rana ta watsar da mata biyu cikin ruwa.

Wata gwauruwa, Ladi, wadda 'yarta tilo ke bin gadar duk ranar kasuwa, ta rataye gungume mai nauyi a ƙarƙashinta, tsakanin turaku biyu, da igiya sako-sako. In lilo ya taso, gungume ya bugi wannan turke, ya koma ya bugi wancan, sai lilon ya mutu.

Dattawa suka ce ƙarar tana damun kakannin da ke kwance a bakin rafi. Suka ɗaure gungumen tamau. Ƙara ta daina, lilo ya dawo. Ladi ta je ta sassauta. Suka ɗaure, ta sassauta.

"Kaka, ba ta gaji ba?" na tambaya.

"Yarinyanta yana kan gada, kai kana maganan gajiya? Ƙarfi ba ya ɓata, maigidana. In bai samu itace ya buga ba, mutum zai buga."

Dattawan ne suka gaji, in ji ta.

Da na girma na ga ƙarafa rataye a wayoyin hasumiyar rediyo, aka ce aikinsu ke nan, shanye girgiza. Amma sai bayan rasuwar Kaka na gane labarin. Baba da ƙanensa suka soma gardama kan gonar citta, kowace magana tana ƙara wa ta bayanta ƙarfi, har suka daina gaisawa. Ashe a da Kaka kowannensu ke zuwa ya sauke wa fushinsa.

Yanzu ni ne babba a gidan. In 'yan'uwana suka taso, nakan ce kowa ya zo wurina tukuna. Bugun da zafi, amma ba zan matsa daga tsakanin turakun ba.