Tsagen Inna Hajo

Ban manta ba, kuma ba na jin zan manta, da ranar da wata tsohuwa ta dubi hotonta a ordinatata, wato kwamfuta, ta ce ba ita ba ce. Tunda kun wuni kuna gardama a kan nauyin hotuna, ku aje salulolinku ku saurara, ku yaran yanzu da kuke ganin komai a lamba yake ƙarewa.

Lokacin muna tsohon buronmu, wato ofishinmu na Konni, ɗaki guda bayan shagon wani tela, mu uku rak. Shef Isufu ne babba, shi ke zance da masu kawo aiki. Rabi ke ɗaukar hotuna, ni kuma Mamman ni ke gina shafuka. Fanka ɗaya gare mu. In manyan motocin siminti na Malbaza sunka wuce, taga ta riƙa rawa ke nan har shayi ya zube. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke mu fito ƙarƙashin itacen bedi mu zauna muna tsokanar tela. Wallahi ina kewar wurin nan, duk da zafinsa.

Wata ƙungiya ta mutanen Tajaye masu zuwa ci-rani ta ba mu aikin shafinta na intanet. A ciki akwai wani sashe da munka sa wa suna Neman Dangi. Duk wanda nasa ya tafi ƙasashen bakin teku labari ya yanke, sai a sa hoton mai neman da sunansa, ko Allah zai sa wani can ya gane. Rabi ta je Tajaye ta wuni tana ɗaukar mutane, ta kawo mini hotunan.

Ga waɗanda ba sana'arsu ba ce, bari in yi bayani. Ba daga tushe muke gina shafi ba. Akwai wani shiryayyen tsari da muke ɗora aiki a kansa, muna ce mashi faramwok. In ka gama rubutunka ka ba shi umurni, sai ya tattara komai ya ɗaure ƙunshi guda, wanda za a aika wa masu karatu. Hotuna ya fi sa wa ido, don su ne masu nauyi. Kowane hoto zai fidda shi girma uku, ƙarami na salula, matsakaici, da babba na ordinata. Zai sake mashi suna da wasu haruffa da lambobi don salula ta gane in an canza shi, ya kuma hana shi buɗewa sai mai karatu ya gangaro inda yake. Sannan ya matse shi, wato duk ƙananan abubuwan da yake ganin ido ba zai lura da su ba, sai ya shafe. Akwai lamba daga ɗaya zuwa ɗari da kake sa mashi. In ka sa babba hoto ya fito tas amma da nauyi, in ka sa ƙarama ya yi sauƙi amma ya rasa wani abu.

Ni arba'in na sa, kuma ina da hujjata. Rezo, wato sabis na salula, a ƙauyukan Tajaye da Alela sai mutum ya hau tudu, ga mega na shiga intanet da tsada. Shafina kuwa ko a bakin gona yana buɗewa. Na yi ta cika baki da wannan har Rabi ta sa mini suna Sarkin Matsi.

Ana nan sai wani ɗan kasuwa a Abijan, Alhaji Garba, ya kira sakataren ƙungiyar, Malam Illa, wanda ke zaune nan Konni. Ya ce akwai wani tsoho mai gadin shagonsa da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke, ba takarda ko ɗaya a jikinsa. Kalma biyu kawai ke fita bakinsa, Tajaye da Hajo. To, a Neman Dangi akwai wata Inna Hajo da ke neman ƙanenta Tanko, wanda ya bar gida sama da shekara arba'in. Alhaji Garba ya buɗe hotonta a salularsa ya duba. Tsohon yana da tsage uku a kowane kumatu da bille ƙarƙashin idon hagu, matar kuwa fuskarta sumul. Alhaji Garba ya ce wa Malam Illa, "Hajo nawa ce a Tajaye? Ba zan ɗora marar lafiya a mota kwana da kwanaki in kai shi inda ba a san shi ba."

Malam Illa bai taɓa ganin tsohuwar ido da ido ba. Ya aika mata saƙo ta bakin wani cewa an duba, ba shi ba ne. Dalilin bai isa kunnenta ba. Haka magana ta kwanta wata biyu cur, mu kuma a buro ba mu san wainar da ake toyawa ba.

Wata Laraba bayan Sallar layya, da hantsi, sai ga Malam Illa da wata tsohuwa doguwa, ƙurar hanya har gira. Ashe ita ta hau kabu-kabu ta zo Konni da kanta, ta tsare shi sai ya gaya mata dalili. Malam Illa ya kuma shaida mamu cewa labarin ƙarshe da ya samu, jikin tsohon yana ƙara tsananta. Shef ya ba ta kujera ta ƙi, Rabi ta shimfiɗa mata tabarma.

"Ɗana," ta ce mini, "gwada mini abin da sunka gani."

Na juyo mata da ordinata na buɗe. Ta matso, ta daɗe tana kallo.

"Wannan wace ce?"

"Ke ce, Inna."

"Kallabin dai nawa ne," in ji ta. "Huskar ba tawa ba ce. Wa ya wanke mini huska?"

Sai lokacin na dube ta da kyau. Ga tsagen nan, uku nan uku nan, sun yi siriri saboda tsufa, sun shige cikin tamoji, ga bille. Na buɗe hoton asali wanda Rabi ta ɗauko, suna nan daram. Na koma wanda faramwok ya fitar, babu ko alama. Ya ɗauke su cikin ƙananan abubuwan da ido ba zai lura da su ba, ya goge. Kunya ta rufe ni.

Shef ya ce, "Mi ya faru, Mamman?"

Na ce, "Ni ne, Shef. Lambar da na sa ce."

Bai yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Ya ce in cire matsin gaba ɗaya in sa hotunan yadda suke. Na ce in munka yi haka shafin ba zai ƙara buɗewa a Tajaye ba, mun gyara wa mutanen Abijan mun ɓata wa masu gida. Ya ce to in nemo dabara kafin la'asar.

Ga abin da munka yi. Na ware hotunan Neman Dangi daga sauran, na ce wa faramwok ya bi da su daban. Hoton farko ya zauna ƙarami yadda yake. In mutum ya taɓa shi, sai na biyu ya buɗe, fuska kawai daga goshi zuwa haɓa, an yanke bango da tufafi, lamba kuma casa'in. Da yake yanki ne ƙarami, nauyinsa bai taka kara ya karya ba. Rabi ta fito da Inna Hajo bakin ƙofa inda haske ke bugowa ta gefe, don tsagen su yi inuwa, ta sake ɗaukarta. Tsohuwar na cewa, "Ke ɗiyar nan, ko ranar aurena ba a juya ni haka ba."

Ana kiran la'asar na ɗaure ƙunshin na aika. Da munka idar da salla Malam Illa ya kira Abijan, ya buɗe murya kowa na ji. Alhaji Garba ya taɓa hoton, munka ji yana ƙirgawa a hankali.

"Uku nan, uku nan. Ga bille. Amma Malam, masu irin wannan tsage ai suna da yawa."

Inna Hajo ta miƙa wuya wajen salular. "Alhaji, dubi na tsakiya. Wanzami guda ya yi mamu, shi kuma na tsakiyansa kullum ya hi gajarta. Dubi nawa, ka dubi nashi."

Munka ji Alhaji Garba yana sake ƙirgawa. Can ya ce, "Haka yake, Inna. Bari in kai mashi."

Munka ji takunsa, munka ji yana cewa, "Baba, duba nan." Sai numfashi mai nauyi. Ni na ɗauka Hajo zai ce kamar kullum. Abin da ya fito bakinsa, a karye, shi ne, "Yaya."

Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta dafa tabarma da hannu biyu ta ce, "Na'am, Tanko." Rabi ce ta fita waje da gudu. Shef ya juya yana gyaran fankar da ba ta lalace ba.

Wani direba ɗan Malbaza ya ɗauko Tanko daga Abijan. Ya iso Tajaye da rai, ya kwana ɗakin yayarsa, tana ba shi kunu da hannunta. Kwana goma sha tara ya yi, Allah ya karɓi abinsa, anka binne shi a maƙabartar garinsu. Mun je gaisuwa mu uku. Na durƙusa gaban Inna Hajo na gaya mata gaskiya, cewa wata biyun da anka ɓata daga hannuna ne. Ta ce, "Tashi, ɗana. Kwana sha tara ne rabona, kuma na gode Allah da su." Har wake ta auno mamu a buhu.

A wannan makon na sake fitar da hotunan sashen duka, ɗaya bayan ɗaya, ina gwada kowane da na asali. Tun daga nan ban ƙara sa lamba ba sai na tambayi mai aikin abin da mutanensa ke dubawa a hoton. Makiyayi zai ce maka alamar kunnen saniya, mai albasa zai ce launin ɓawo, ma'aikacin lakwal, wato makarantar boko, zai ce hatimin takarda. Faramwok ya iya aikinsa, bai taɓa yi mini ƙarya ba, amma bai san mutanenmu ba, kai ne ka san su. Don haka ku matse hotunanku, ban hana ku ba, mega har yanzu da tsada. Sai dai ku tambaya tukuna.

Inna Hajo ta yafe mini a gaban mutane. Ni dai har yau in na tuna, kwana sittin ɗin nan nake ƙirgawa, waɗanda Tanko ya yi kwance a bayan shago yana kiran sunanta, ita kuma tana Tajaye an ce mata ba shi ba ne.