Jafaru da ya tare zaizaya a Fakuwa

Duk wanda ya bi ta gangaren Fakuwa ta ƙasar Kankia da hantsi ya san shi: wani tsohon soja da kwando a ka, yana jera duwatsu a bakin kwari. Jafaru ke nan. Shekara goma sha biyu da dawowarsa daga yaƙin Bama, aikinsa ke nan rani da damina, ba wanda ya sa shi.

A Indiya zazzaɓi ya kayar da shi, aka kai shi jinya bisa tsaunuka masu sanyi inda ake noman ganyen shayi. Ya ce can gajimare har ƙofar ɗaki yake saukowa. Da ya warware aka zaga da shi da abokansa gonakin shayin. Abokansa suna kallon masu tsinkar ganye, shi yana kallon ƙasa. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma tudu bai zaizaye ba, don an yanka shi hawa-hawa, layin shuka ya gicciye gangare. Tafiya mabuɗin ilimi, amma ga mai ido.

Ya taho da irin shayin ƙulle a tsumma, ya shuka, ya yi masa rumfa, masu tsegumi suka ce har fifita yake masa. Zafin ranar Kankia ya soya shi tun yana tsiro. Aka yi ta dariya har Kusada, shi ma ya taya su.

Ana nan ruwa ya ci rabin gonar Dada Kubura, gonar da mijinta ya rasu ya bar mata. Ƙanenta ya aiko daga Rimaye cewa in damina ta ƙarasa sauran, sai ta kwashe ta koma wurinsa. Jafaru ya je ya durƙusa, ya roƙe ta ta bari ya yi mata huɗa a gicciye. Manoma suka ce tun kakanni ba a tare ruwa, hanya ake ba shi.

Ta ce, "Kai ɗan nan, in irin noman shayin ne, bar mani gonata ta mutu da mutuncinta."

Ya ce, "Dada, ba ni damina guda."

Ya huɗe gonar, ya datse bakin kwarin da duwatsu da gamba. Ruwa ya zo da gudu, ya tarar ba hanya, ya kwanta tsakanin kunyoyi ya nutse. Gani ya kori ji. Yanzu masu dariyar su ke sallama a ƙofarsa tun bazara don ya koya masu huɗar.

Jafaru, kai ne bangon gangare. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma masu zuwa ƙasashe kuna dawowa da akwatin ƙarfe da ɗaga hanci, ku koyi dawowa da abin da zai amfani gari. Da kakar shekarar da aka yi huɗar, damin hatsi ɗaya Dada Kubura ta aika Rimaye, ta ce a gaida ƙanenta, a faɗa masa tana nan ɗakinta.