Gawayi da Gishirin Malam Alhassan

Kullum da hantsi Malam Alhassan mai gyaran rediyo yakan buɗe shagonsa na unguwar Magajiya, ya share ƙofa, ya jera sukundirebobinsa. Kafin ya sa hannu cikin kowace na'ura sai ya dafa ƙarfen ƙofa, wai don lantarkin jikinsa ya zube. Mu maƙwabta mun daɗe muna yi masa tsiya cewa gaisawa yake da ƙofar. Shekara talatin da biyu ke nan yana wannan gaisuwa, bana kuma ya ce zai huta.

Ni dai ba zan bar shi ya tafi shiru ba, domin abin da ya yi a unguwar Bagama bara, 1997, a kan idona aka yi.

Nasiruddeen, malamin firamare, ya sayo kayan kwamfuta ɗaiɗai daga Legas ya haɗa da kansa. Yana so ya buga waƙoƙin noma da mahaifinsa, Malam Datti, ya rubuta, tsohon ya gan su a takarda, domin idonsa ya fara dushewa kuma likita bai ba da fata ba. Kwamfutar kuwa ta ce ba da ita ba. In an kunna ta, sai fankar cikinta ta juya, ta mutu. Wanda ya taɓa akwatinta kuma wuta ta fizge shi. Wata guda ya tafi a haka.

Alhassan ya zo, ya zaro babban allon cikinta, wanda suke kira madabod, ya ɗora a kan kwali, ya kunna. Sai ga rubutu a gilashi!

"Malam Nasiru, allonka garau yake," in ji shi. "Ka ɗaure shi ne kai tsaye a kan ƙarfe, bayansa na gogar akwati. Ina 'yan ƙafafun tagulla da suka zo da shi?"

"Baba, na zaci sifiya ne. Suna cikin gwangwanin madara."

Da Alhassan ya leƙa bango sai ya riƙe baki. Wayoyi biyu aka cusa a soket aka tokare da tsinken ashana, yadda muke yi wa dutsen guga, ta ukun, wayar ƙasa, tana lilo.

"Haba malam! Wannan ai ba rediyon kaka ba ce."

Ya ɗora allon a kan ƙafafun tagullar, ya sa fulogi mai baki uku. Sannan ya haƙa rami a bayan ɗaki, ya kafa sandar tagulla, ya zuba gawayi da gishiri, ya kwarara ruwa, ya ɗaura wayar ƙasa. Hajjo, matar gidan, ta leƙo ta ce, "Malam, in tsire za a yi, bari in kawo yaji."

Kwana tara bayan nan Nasiruddeen ya fitar da shafin farko da manyan haruffa. Malam Datti ya kai takardar dab da hancinsa, ya karanta baitin farko da kansa, ya yi dariya har da hawaye. Ni ma na yi, ban ɓoye ba. Kafin damina ta wuce idon ya rufe, amma ya riga ya gani.

Kai ne, Alhassan, mai haƙurin bin waya har tushenta. Kai ne ba ka cewa abu ya mutu sai ka bincika. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya sa ka huta lafiya. Ku kuma masu gyara da ke tasowa, ku duba a tsanake kafin ku ce a jefar. Ba ku san idon wa ke jiran aikinku ba.