Kawu Mai Hoto da Baƙonsa Mai Cin Kifi

Kawuna mai hoto ne, ƙanin mahaifiyata. Tun ina ƙarama a shago ɗaya na san shi, wani ɗan ɗaki a bakin titi, jikin shagon wani tela. A ciki akwai kujera mai dogon baya, da madubi, da mataji a rataye, da wata baƙar kwat da ta hau kafaɗun rabin mazan unguwar, domin duk wanda ya zo hoton neman aiki ita ake ara masa. Labulen bango kuwa zanen wani gidan bene ne mai furanni, irin wanda babu shi a garinmu. A gaban gidan nan aka ɗauki iyayena suna sababbin aure, a nan aka ɗauke ni ranar da aka sa ni makaranta.

Mutum ne da ba ya wasa da aikinsa. Zai kama haɓarka ya juya, ya gyara maka wuyan riga, ya koma bayan kyamara ya daka tsawa, "Kar ka motsa!" Har maganar ta zama sunansa a unguwa. Yara in sun hango shi sai su ƙame a tsaye suna ƙunshe dariya, shi kuma ya wuce kamar bai gan su ba.

Da wayoyi masu kyamara suka cika gari sai shagon ya yi sanyi, in ban da masu hoton fasfo jefi-jefi. Kawu ya koma wuni a kan benci yana kallon motoci, ga hawan jini ya sa shi gaba. Likita ya ce ya riƙa tattaki da safe. Matarsa, wadda muke kira Inna, ita ta tsaya kai da fata a kan maganar. Kullum sai ta ajiye masa takalmi a bakin ƙofa ta ce, "Malam, hanya na gaishe ka." Ni kuwa ina koyarwa a makarantar da ke kusa da gidansu, a can nake cin abincin rana, shi ya sa komai a kan idona aka yi.

Wata safiya ya bi ta bakin rafin da ke bayan gari, sai ya ji wani siririn kuka cikin ciyawa. Ya sunkuya, ya ga ɗan tsuntsun nan mai kamun kifi, zaren ƙugiya da wani ya yar ya naɗe masa fiffike da ƙafa. Bai kai dunƙulen hannu ba. Bayansa shuɗi ne shar, ƙirjinsa ja-ja kamar ƙasar tukwane, ga dogon baki da ya fi ƙarfin kansa. Kawu ya ciro abin yankan farce ya tsinke zaren, ya cire hularsa ya sa shi a ciki. Haka ya ratso gari kai ba hula, abin da ba wanda ya taɓa gani.

"Malam, lafiya? Ina hularka?" in ji Inna.

"Baƙo ne a ciki. Yi magana a hankali."

Ya kai shi wurin likitar dabbobi, wata mata mai fara'a da ke bayan kasuwa. Ta ce, "Baba, ni da awaki da kaji na saba, amma kawo mu gani." Ta buɗe fiffiken a hankali, ta ce ƙashi bai karye ba, zaren ne ya yanke shi, tsokar ta kumbura. Ta wanke ciwon, ta nuna masa yadda zai buɗe bakin ya sa masa ɗan kifi, kai a gaba. Ta ce a ajiye shi wuri mai duhu da shiru, kar a riƙa ɗaukarsa, kuma in ya warke a mayar da shi inda aka samo shi, don ba tsuntsun gida ba ne. Sai ta dubi kyamarar da ke wuyansa. "Wutar nan kuma, kar ka haska masa ita."

Wuri mai duhu kam Kawu yana da shi. A bayan shagon akwai ɗan ɗakin da yake wanke hotuna a zamanin fim, ya daɗe a rufe. Ya share shi, ya sa kwali, ya gitta reshe a ciki. Tela ya leƙo ya ce, "Ashe kasuwa ta buɗe, an samu kwastoma mai kwana."

Kwastoman nan kuwa bai san alheri ba. Duk lokacin da Kawu ya kai hannu sai ya sha sara, har yatsansa ya zama duk filasta. Ƙananan kifin da ake buƙata babu su a kasuwa, sai wurin wani tsohon masunci da ke da kwalekwale a ƙasan gada. Da ya ji ko don wa ake nema, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Abokin hamayyata ne fa kake kiwo," ya ce, amma kullum sai ya ware masa 'yan ƙanana a gwangwani. Daga nan ne muka sa wa tsuntsun suna Ɗan Masunci.

Inna ta yi mita iya mita. Ƙarnin kifi a riga, ƙarnin kifi a hula, mutum da girmansa ya zama uwar tsuntsu. Amma ranar da Kawu ya dawo jiki a sanyaye ya ce baƙon har yanzu ba ya ci da kansa sai an ɗura masa, ita ce ta yafa mayafi ta bi shi shagon, ni ma na bi bayansu. Ta daɗe tana leƙen kwalin.

"Malam, kai ma in ka saba da farauta, za ka so a riƙa tura maka mushe? Masu rai yake so."

Ta koma gida ta ɗauko kwanon silbarta mai faɗi, wanda ko ni ba ta yarda in taɓa, ta zuba ruwa, aka saki kifi masu motsi a ciki. Muka ja baya muka yi tsit. Ɗan Masunci ya karkata kai, ya zuba wa ruwan ido ɗaya. Can sai muka ji tsulum! Kafin mu ƙifta ido ya koma kan reshensa da kifi a baki, ya buga shi a jikin icen, ya sake bugawa, ya juya shi ya haɗiye. Kawu ya kama hannun Inna a gabana, ta fizge tana cewa, "Kai Malam, da girmanka."

Wani lokaci kuma Kawu ya tarar da wani farin dunƙule a ƙasan kwalin, ya ruga wurin likitar hankali a tashe, wai baƙonsa yana aman hanjinsa. Ta ce ƙayar kifi ce, haka suke mayar da abin da bai narke ba. Ya dawo yana ba kowa labari kamar shi ya gano.

Da fiffiken ya fara ƙwari, sai Kawu ya riƙa buɗe tagar ɗakin ta bayan raga don haske ya shigo, ya zauna a ƙasa da kyamara. A nan fa ake yin ta. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana ba jama'a umarni, yau ga wanda ba ya jin magana. Da ya ɗaga kyamara sai tsuntsun ya juya masa ƙeya. Da ya danna, sai hoto ya fito wani shuɗin hazo. Na taɓa jin sa ta bayan ƙofa yana lallashi ƙasa-ƙasa, "Haba ɗan'uwa, dubo nan mana, sau ɗaya tak." A ƙarshe shi ne ya koyi zama shiru, har ƙafarsa ta yi sanyi, sai tsuntsun ya manta da shi. Ta haka ya samu hoton tsuntsun yana gyaran gashinsa, ɗigon ruwa na rataye a bakinsa.

Ranar da ya fara zagaye ɗakin yana bugun raga, Kawu ya san lokaci ya yi. Muka tafi bakin rafin da sassafe, ni da shi da Inna, tsohon masuncin yana kallonmu daga kwalekwalensa. Kawu ya saita kyamara, ya ce wa Inna kar ta buɗe kwalin sai ya ba ta izini. Ba ta gama ɗaga murfin ba Ɗan Masunci ya fice kamar kibiya, ya bi saman ruwa ƙasa-ƙasa, ya ɓace a kwanar rafin. Hoton da aka samu, hannun Inna ne da kwali.

"Ko sallama babu," in ji Kawu. Ya ciro hankici ya daɗe yana goge gilashin kyamara, alhali ba abin da ya same shi.

Tun daga nan ba a ƙara tuna masa tattaki ba. Yakan fita da kyamara ya zauna a gindin wata bishiya a bakin ruwa, ya dawo da hotunan balbela da agwagin ruwa, wani lokaci da shuɗin tsuntsu a kan reshe. Shi yakan ce ba zai rantse cewa nasa ne ba. Inna kuwa duk wanda aka nuna mata sai ta ce, "Shi ne mana, dubi yadda yake harara." Ya manna su a bangon shago, 'yan makarantarmu suna zuwa kallo, wasu iyayen har sukan zauna a ɗauke su tunda sun shigo.

Kwanan baya ina gidansu, sai wata maƙwabciya ta yi sallama, rungume da kaza mai ɗingishi, wai an ce mata a nan ake gyaran tsuntsaye. Kawu ya fara bayanin cewa shi fa mai hoto ne, gara ta je wurin likitar dabbobi a bayan kasuwa. Kafin ya rufe baki Inna ta karɓi kazar tana duba ƙafar.

"Bar ta ta huta tukuna, Malam. Wannan dai na san abin da take ci."