Tazarar Pak Sutarmin

Pak Sutarmin, tsohon malamin lissafi, maƙwabcina ne a birnin Semarang, inda ake ce wa dattijo Pak, dattijuwa kuma Bu. Da ya yi ritaya sai ya shiga cikin masu aikin sa kai da ke rubuta littafin bayani na wata manhajar kyauta, irin wadda ke tafiyar da kwamfuta ɗungurungum. Aka ba shi shafi guda: yadda ake cika fayil ɗin da kwamfuta ke dubawa ta gane 'yan uwanta da aka haɗa su tare. A kowane layi, lambar na'ura sai sunanta.

Ya rubuta jimla ɗaya tak, cewa a sa tazara tsakanin lamba da suna. Ya koma wurin kurciyoyin da yake kiwo.

Ba a yi sati biyu ba wani mai shagon buga takardu a Solo ya aiko da ƙorafi, wai ya bi umarni amma kwamfutocinsa sun daina ganin juna. Ashe kalmar "tazara" ɗin kanta ya rubuta a tsakiya. Pak Sutarmin ya gyara, ya ce a danna dogon maɓallin nan na ƙasa. Wata mata a Makassar ta danna ta riƙe, ta sa mijinta ya tambaya yaushe za ta saki. Pak Sutarmin ya ƙara da cewa a danna sau ɗaya ko fiye, sannan a saki. Aka tambaye shi fiye ɗin ya kai nawa.

Shi kuwa mutum ne da ba ya faɗin abin da bai gwada ba. Ya zauna a baranda yana dannawa yana ƙirgawa a fili, har ya wuce dubu huɗu. Matarsa Bu Ningsih ta leƙo daga wurin suyar tempe, wainar waken suya.

Ta ce, "Pak, shekara talatin kana koyar da lissafi, yau babu ce ta gagare ka?"

Ya ce, "Bu, babun ma sai an gaya wa mutane tsawonta. Kin ɓatar min da ƙirga."

Ya sake daga ɗaya.

Cikin shekara bakwai jimlar ta zama shafi tara, har da hoton babban yatsansa a kan maɓallin, wanda ni na ɗauka. Ana nan sai masu manhajar suka sauya tsari. Yanzu akwatuna biyu ne a allo, na lamba da na suna, babu mai sake taɓa fayil da hannu. Suka yi masa godiya, suka goge shafukan.

Kwana biyu bai ci abincin kirki ba. A rana ta uku saƙo ya zo daga wani a Medan, yana son sanin akwatin da aka rubuta "suna", nasa zai sa ko na kwamfutar, kuma idan nasa ne, har da na mahaifinsa?

Pak Sutarmin ya karanta sau biyu, fuskarsa ta washe. Ya roƙi Bu Ningsih ta haɗa masa kofi mai ƙarfi, ya aike ni in ɗauko masa tabarau.