Shimfiɗar da Ta Ƙi Kauri

Shekarar da damina ta ɗauke da wuri, fara ta cinye ɗan geron da ya rage mana a Droum, ni damuwata biyu ce: yunwa da rashin haihuwa. Na daɗe da aure. Cikin da na taɓa samu ya zube, aka yi mini wankin ciki, daga nan shiru. Na sha saiwa, na sha rubutu, har harshena ya daina jin ɗaci.

Gwaggona, ƙanwar babana da ke zaune a unguwar Kara-Kara, ita ta aiko in zo birni a duba ni. Ta kai ni matarnite, asibitin haihuwa, muka wuni a kan benci. Likitar mace ce mai gilashi. Ta shafa mini wani mai mai sanyi a mara, ta yi mini ekografi, wato hoton ciki, ta daɗe tana kallon allon.

"Madam," ta ce, "ƙwanki lafiya lau. Amma cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa da ke yin kauri kowane wata don ciki ya samu wurin kamawa. Taki siririya ce. Wataƙila wankin cikin nan ya taɓa ta. Me kike ci a gida?"

Gwaggo ta amsa mata: "'Ya'yan anza da ganyen tafasa, likita. Abin da kowa ke ci."

Likitar ta cire gilashinta ta murza ido. Ta rubuta ordonansi, takardar sayen magani, ta ce in riƙa shan ƙwayoyin bayan al'ada, in dawo. Ta ce ba ta yi mini alkawari ba.

Haka na yi ta zirga-zirga. In tashi da asuba, in yi tafiyar ƙafa zuwa bakin hanya, in shiga motar da ta cika da mutanen da ke barin ƙauye da tabarmi da tukwane. Kowane zuwa sai ta ce, "Da saura." Gwaggo takan ɓoye mini ƙosai da ɗan nono, ta tsare ni sai na cinye a gabanta, jikokinta na kallo.

Ana cikin haka rumbunmu ya ƙare ƙaf. Maigidana ya sayar da akuyar ƙarshe, ya ce zai tafi cin rani Kano.

"Malam, ka ɗan jira wata ɗaya," na ce.

"In na jira, me za mu ci?"

Na ɗaure masa kayansa.

Watan da ya biyo baya likitar ta kalli allon ta yi murmushi. "Ta yi kauri. Kwanakin nan ne, ki gaya wa maigida."

Na ce to. A waje na zauna a gindin katanga, ko kuka ban yi ba. Gwaggo ta tsuguna kusa da ni. "Ɗiyata, tashi, kar motar ta bar ki."

Maigidana bai dawo ba sai gab da shuka, a rame, da ɗan buhun masara a kai. Lokacin maganin ya ƙare, ni ma na gaji da hanya, ban sake komawa ba. Ban haihu ba har yau. Da ƙanwarsa ta rasu ta bar yarinya tana rarrafe, aka ba ni ita. Ni na yaye ta, ni na aurar da ita, Inna take ce mini.