Takarda ta Goma Sha Bakwai

Malam Lazarus Buwai ya shekara ashirin da shida yana koyar da dabarun bincike da ƙididdiga a wata makarantar ma'aikatan lafiya da ke gefen Ɗanbatta. Duk wanda ya bi ta ajinsa da abu biyu yake fita: labarin shanu da tsoron gindin darbejiya.

Da shanu yake koyar da matsakaici. "Ƙauye mai mutum hamsin, Alhaji Maikuɗi shi kaɗai yana da shanu ɗari. A lissafi kowa yana da biyu. To ɗauki ƙwarya ka je ka tatso naka, mu ga da wace ƙafa za ka dawo." Gindin darbejiya kuwa nan ne ragwayen ɗalibai kan baje su cike takardun tambayoyi da ka, ba su yi sallama a gida ko ɗaya ba. Yakan ce uwa a ƙasar nan ba ta ƙirga 'ya'yanta a gaban baƙo, balle ta kama sunan ɗan fari. Sai ka zauna, ka sha ruwa, ka bi ta bakin maƙwabciya.

A cikin ɗalibansa babu wanda ya kwanta masa a rai kamar Nababa, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ya dawo ƙaro karatu bayan shekara goma yana ba da magani. Kullum a bencin gaba yake, kuma har karo na tara yana yi wa labarin shanu dariya. Malam ya ba shi ƙauyen da shi Malam ɗin ya fito, a wajen Tsanyawa, ya binciko yawan yara da waɗanda aka yi wa rigakafi. Ya ara masa babur ɗinsa, wanda ko uwargida Roda ba ta isa ta jingina buhu a jikinsa ba. Ana gina ɗakin shan magani a ƙauyen, kuma sa hannun Malam a kan binciken ne kawai ya rage a ba Nababa riƙonsa. Malam ya riga ya baza wa dangi cewa ya samo musu ɗan halak.

Aiki ya dawo tsaf, ba gurbi ko ɗaya. Malam yana ta gyaɗa kai har ya zo takarda ta goma sha bakwai. Gidan Buwai. Mai amsa: Keziya. 'Ya'ya: biyar. Na fari: Lazarus.

Shekararsa hamsin da biyar bai taɓa jin sunan nan a bakin uwarsa ba. "Mai tabarau" take ce masa.

Ranar kasuwa ya hau bas ya tafi. Ya tarar da ita tana ɓarar gyaɗa.

"Inna, 'ya'yanki nawa ne?"

"Karatun ne ya kai ka haka? Ga awaki can, je ka ƙirga."

"Wani ɗalibina bai shigo nan ba?"

"Mai babur ɗinka? Kwana uku ya yi a gindin darbejiyar Uwaisu mai shayi, yana tambaya Uwaisu yana faɗa. Har gyaɗa na aika masa, tunda an ce baƙonka ne."

Ranar Litinin Nababa ya shigo ofis da biro a hannu, ya rusuna. Malam ya tura masa takardar.

"Uwata ce wannan."

Nababa ya duba takardar. "Malam, ai biyar ɗin ne. Uwaisu ya san kowa."

"Ya san wanda ya sha shayi. Wanda aka yi wa allura fa, a ina ya san shi?"

"Damina ce, Malam, mata duk suna gona. Kuma na ga kowa haka yake yi."

"Kowa ban ba shi babur ɗina ba."

Bai sa hannu ba. Ya karɓi makullin babur ɗinsa, ya ce a sako aikin daga gida na farko. Nababa bai sake ba. Wani malami ya samu ya sa masa hannu, aka tura shi wata ƙaramar hukuma, ɗakin maganin ƙauye kuma ya shekara a kulle, dangi na cewa mai tabarau ya cika tsanani.

Har yanzu Malam yana ba da labarin shanu, aji na dariya. In an zo kan darbejiya ne yake cire tabarau ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce a buɗe shafi na gaba.